Na kai mata Jikin Almasihu na fito na bar ta a jiƙe: aikina ya ƙare ke nan?

Talatu_B:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da aka sa ni cikin masu kai wa marasa lafiya Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar da Fada ya tsarkake, a gida bayan Mas (sujadar Katolika) ɗin Lahadi. An koya mana komai: a rataya ɗan akwatin da ake sa Tarayyar a ciki a ƙirji, kada a tsaya hira a hanya, a shimfiɗa farin ƙyalle, a kunna kyandir, a yi karatu, a yi addu'ar Ubanmu, a ba da, a yi shiru kaɗan. Na haddace tsaf.

Lahadin da ta wuce aka ƙara mini wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Tun daga bakin ƙofa zarnin fitsari ya tare ni. Zanin gadon sharkaf. Kofin da ke gefenta ya bushe har ƙura ta hau. Na rasa inda zan shimfiɗa ƙyallen, sai da na ture kwalaben magani gefe. Na ɗaga na ce "Jikin Almasihu", ta ce "Amin" da ƙyar. Bakinta a bushe, sai da na fita na nemo ruwa sannan ta iya haɗiyewa. Mutum uku na jirana, akwatin kuma yana wuyana. Na yi mata sallama na fita. Da na duba agogo, minti goma sha biyu na yi a ɗakin.

Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Don Allah ku gaya mini, abin da aka aike ni na yi, ko kuwa rabinsa na yi?

Ɗan_Bagade:
'Yar'uwa, kin yi daidai. Ubangiji kike ɗauke da shi. Ba za ki ajiye shi tsakanin kwalaben magani ki hau wankin zani ba. Ki tuna da Tarsisiyus a Roma, wanda ya gwammace a kashe shi da ya saki abin da yake ɗauke da shi. Kowa da nasa aikin a Ikilisiya.

Maman_Yohanna:
Ɗan_Bagade, ba wanda ya ce ta ajiye akwatin ta hau wanki. Amma bayan ta sallami mutum ukun nan, akwatin ya zama wayam, me zai hana ƙafa ta koma? Ai zumunta a ƙafa take.

Rahila22:
Ku yi haƙuri da tambayata, ruwan da kika ba ta bai karya azumin da ake yi kafin a karɓa ba?

Fada_Luka:
Rahila, bai karya ba. Dokar Ikilisiya ta 1983, lamba ta 919, ta ce a kame daga ci da sha na awa ɗaya kafin karɓar Tarayya, amma ban da ruwa da magani. Tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu kuwa an ɗauke musu ko awa ɗayar. Talatu, ba ki yi laifi da kika wuce wurin sauran ba, su ma jira suke. Sai dai damuwar da ta hana ki barci, kada ki yi gaggawar korar ta. Kuma ki sanar da Fadan cocinku halin da kika tarar. Yawancin abin da muke sani game da marasa lafiyarmu, daga bakinku muke ji.

Baba_Iliya:
'Ya'yan yanzu kun ji daɗi. Mu da muna yara awa uku muke kamewa, mahaifina kuma ya ce a nasu lokacin tun tsakar dare ko ɗigon ruwa ba a sa wa a baki. Taron Batikan na biyu, babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, shi ne ya zo ya sassauta komai. Ni dai a ganina yunwar nan tana koya wa mutum cewa abin da zai karɓa ba abin wasa ba ne.

Malam_Istifanus:
Baba, a gafarce ni in ɗan gyara. Sassaucin ya fara tun kafin taron. Fafaroma Pius na 12 ne ya halatta ruwa a 1953, ya mai da azumin awa uku a 1957. Fafaroma Bulus na 6 ya mai da shi awa ɗaya a 1964. Taron kansa daga 1962 zuwa 1965 aka yi shi.

Amma in koma kan tambayar Talatu. Wajen shekara ta 155, Yustinus mai shahada ya rubuta wa sarkin Roma bayanin yadda Kiristoci ke taruwa ranar Lahadi. Ya ce bayan an yi godiya an raba, dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba. A wuri guda kuma, ba tare da ya canza zance ba, ya ce masu hali sukan ba da abin da suka ga dama, a tara a hannun shugaban taron, shi kuma ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da na kurkuku da baƙi. Wato ƙafar da ta kai gurasar, daga taron da ya tara taimakon ta fito. Mu ne daga baya muka raba su, muka ce wannan na 'yan bagade ne, wancan na kwamitin jin ƙai.

Baba_Iliya:
To Malam, na karɓi gyara. Tsufa ne. Amma awa ukun dai na yi su da cikina.

Gambo_S:
Ni fa ina jin tsoron inda zancen nan ya dosa. Kullum aka ta da maganar Yukaristi, wato Tarayya Mai Tsarki, sai a karkata ta zuwa wankin zani da rabon kaya, kamar Ikilisiya ƙungiyar agaji ce. Wanda bai yarda da Allah ba ma yana iya wanke mara lafiya, wani ma ya fi mu iyawa. Abin da Talatu ta kai wa tsohuwar nan ba wani a duniya da zai iya kai mata in ba Ikilisiya ba: Yesu da kansa, jiki da jini. Kada mu sa ta ji kamar abin da ta ba da ƙarami ne, sabulu ne babba.

Maman_Yohanna:
Gambo, ka taɓa kwana a jiƙe?

Gambo_S:
Mama, ban ce kada a wanke ta ba. Na ce a san wanne ne tushe.

Nas_Hannatu:
Bari in sa baki ta fuskar aikina. Mai shanyewar jiki da aka bari a jiƙe, ba ƙazanta kaɗai ce matsalar ba. Fatar baya da ta ƙugu tana salewa ta zama gyambo, gyambon kuma yana iya yin ajalin mutum. Shi ya sa muke juya su kusan kowane awa biyu. Bushewar bakin da kika gani alama ce ba ta samun isasshen ruwa, kuma irin waɗannan sukan shaƙe in an ba su abu a kwance, don haka ki riƙa ɗaga ta zaune kafin ki ba ta. In haɗiya na mata wuya, ki tambayi Fada ko za ki riƙa gutsura mata ƙarami.

Abu na biyu, kada ki yi saurin yanke wa 'yan gidan hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sha ganin ɗaki irin wannan, in ka bincika sai ka tarar mutum ɗaya ne ke ta fama, ya gaji har ya daina jin warin.

Danladi_77:
Ku yafe ni zan ɗan kauce, amma abu ɗaya ne. Shekara biyu ke nan ba ma magana da wana, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan gadon mahaifinmu. Coci ɗaya muke zuwa. Na san inda yake zama, sai in zauna ta ɗaya ɓangaren don kada lokacin gaisuwar salama ta haɗa mu. Amma layin karɓa ɗaya ne. Ran nan har na ga ƙeyarsa, mutum biyu ne tsakaninmu. Ya ce Amin, na ce Amin. Kowa ya koma kujerarsa. Ni ma tambayar Talatu nake yi ta wata hanya: me nake karɓa ke nan?

Rahila22:
Kai, wannan ta taɓa ni.

Ɗan_Bagade:
Danladi, gaskiya ɗaya ce. Matiyu 5:23-24: in ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Manzo Bulus kuma ya ce mai ci ba tare da ya rarrabe jikin ba, hukunci yake ci wa kansa. Ka dakata da karɓa sai kun shirya.

Fada_Luka:
Ɗan_Bagade, a hankali. Ba a yanke wa mutum wannan a cikin taro. Danladi, akwai bambanci tsakanin ciwon da ke zuciya, wanda ba ka da iko ka kashe shi kamar fitila, da ƙiyayyar da mutum ya zaɓa yake ciyar da ita, yana fatan sharri ga ɗan'uwansa. Kai ka san wacce ce taka. Ka kai ta wurin ikirari, ka faɗa kamar yadda ka faɗa mana nan, har da zancen kujerar. Doka ta ce wanda ya san yana da babban zunubi kada ya karɓa sai ya furta. Amma kuma Fafaroma Francis ya rubuta a 2013 cewa Yukaristi ba kyautar yabo ba ce ga kamilai, magani ne da abinci ga raunana. Duka biyun gaskiya ne. Ba na so ka bar layin ka kuma bar ɗan'uwanka, ka yi asarar biyu.

Malam_Istifanus:
Ayar da Ɗan_Bagade ya kawo daga 1 Korintiyawa 11, yana da kyau a karanta ta tun daga aya ta 17. Abin da ya fusata Bulus shi ne in sun taru, masu hali su ci su ƙoshi har wani ya bugu, wani kuma yana zaune da yunwa. Har ya ce musu wannan ba jibin Ubangiji kuke ci ba, kuna kunyata marasa shi. To rarrabe jikin ya haɗa da gane abin da ke hannun Fada, ya kuma haɗa da gane wanda ke kusa da kai a layi. Yohanna Kirisostom, bishop ɗin Konstantinoful da ya rasu a 407, ya yi wa masu kuɗin zamaninsa irin wannan faɗan: kuna lulluɓe bagade da alharini, kun bar Almasihu a waje tsirara cikin sanyi. Gambo, ba sabon zance ba ne na 'yan agaji, tsohon wa'azi ne.

Gambo_S:
Malam, na yarda da Kirisostom. Amma shi ɗin ne kuma ya fi kowa magana a kan rawar jiki a gaban bagade. Abin da nake gudu shi ne ranar da za a ce tun da na taimaki talaka, na yi Mas ɗina. Na san waɗanda suka fara da haka, yau ko ƙofar coci ba sa takawa.

Sista_Maryamu:
Gambo yana da gaskiya a wannan, kada ku taru a kansa. Shekara goma sha tara ina aiki da tsofaffi, kuma na ga yadda tausayi ke ƙarewa. Wata shida na farko kana yi da zuciya ɗaya. Daga nan tsohon da kake wankewa ya zage ka, ya ce ka sace masa kuɗi, 'ya'yansa su zo sau ɗaya a shekara su nuna maka kuskurenka. In ba ka da inda kake ɗebowa, rijiyar sai ta ƙafe. Ni awa ɗayar da nake yi shiru gaban Sakramenti Mai Albarka, wato gurasar da aka tsarkake, ita ke riƙe da ni, kuma ba don ina jin wani abu ba. Sau da yawa gyangyaɗi nake yi. Amma idon da ya saba duban farar gurasa yana cewa Ubangijina ne, shi ne zai iya duban fuskar da ta yamutse ya faɗi haka.

Ku lura da Bisharar Yohanna. Matiyu da Markus da Luka duk sun ba da labarin gurasa da ƙoƙo a daren jibin ƙarshe. Yohanna, wanda ya cika sura ta 6 da zancen gurasar rai, da ya zo daren sai ya ba mu daro da tawul a sura ta 13. Shi ya sa ranar Alhamis Mai Tsarki, ranar da muke tuna kafa Yukaristi, wanke ƙafa ake karanta mana.

Akawu_Yakubu:
Ni nawa filin ba ɗakin mara lafiya ba ne, tebur ne. Nakan je Mas ɗin safe kafin ofis. Wata Litinin, ɗanɗanon bai ma bar bakina ba, maigidana ya miƙo takarda ya ce in sa hannu an kawo kaya alhali ba a kawo ba. Ban yi wani jarumtaka ba, ƙarya na yi na ce kwamfuta ta ƙi buɗewa, na ja lokaci har wani ya sa hannun. Har yau ban san ko tsira na yi ko zillewa ba. Tun daga nan dai in Fada ya ce ku tafi cikin salama, sai in ji kamar tura ni ake yi, ba sallama ba.

Malam_Istifanus:
Akawu, ai tura ka ake yi. Kalmar Mas ma daga sallamar ƙarshe ta Latin ta fito, "Ite, missa est", kuma asalinta aikawa ne.

Katikis_Bitrus:
Ina ta karanta ku ina murmushi. Masu Mas ɗin safe kullum, ku gode wa Allah. Mu Fada sai bayan mako shida yake iso mu, in ruwa ya yi yawa ma ya wuce haka. Sauran Lahadi ni ne ke jagorantar karatu da addu'a, kuma kullum sai na tuna wa mutane wannan ba Mas ba ne, don kada a saba. Ranar da zai zo kuwa, tun asuba ake layin ikirari, wasu tafiyar awa biyu suka yi a ƙasa. Nakan ba su labarin Kiristocin Abitina, a ƙasar Tunisiya ta yau, su 49 da aka kama a shekara ta 304 don sun taru ranar Lahadi, suka ce ba za su iya rayuwa ba tare da jibin Ubangiji ba. Jama'ata ba sa buƙatar a fassara musu wannan.

Abin da na lura, kuma ban san dalili ba, shi ne a wurinmu ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Wataƙila don mu kaɗan ne, in mutum bai zo ba kujerarsa tana nunawa.

Ba_Suna:
Ban taɓa magana a nan ba. Shekara tara ban karɓi Tarayya ba saboda aurenmu ba a ɗaura shi a coci ba, maigidan kuma ya ƙi zancen. Ina zuwa Mas, in an tashi layi sai in sunkuyar da kai in matsa wa mutane su wuce. Shekara uku da suka wuce na roƙi wata mai kai wa marasa lafiya ta bar ni in riƙa bin ta. Ita tana gaba da akwatin, ni ina baya da bokiti da sabulu. In ta gama addu'a ta wuce gida na gaba, ni sai in tsaya in yi abin da ya samu. Talatu, ki duba cikin cocinku, akwai irina da yawa a kujerun baya. Ba wanda ya taɓa neman mu da wani aiki.

Maman_Yohanna:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin sa ni hawaye.

Fada_Luka:
Ba_Suna, na gode da kika yi magana. Ki sake zuwa wurin Fadanku ki zauna da shi a natse. Akwai hanyoyin gyara aure a dokar Ikilisiya, har da wadda ake bi in ɗaya ya ƙi zuwa a sake ɗaurawa amma yana nan a kan auren. Ba zan yi miki alkawari ba tun da ban san duk labarin ba, amma shekara tara ta yi yawa a ce ba a bincika ba.

Rahila22:
Wai da gaske ne a da ba kowa ke karɓa kowace Lahadi ba?

Malam_Istifanus:
Da gaske. Har sai da taron Lateran na 4 a 1215 ya wajabta aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista, saboda mutane sun ja baya sosai. Fafaroma Pius na 10 ne ya ƙarfafa karɓa kullum a 1905, ya kuma sauko da shekarun yara zuwa wajen bakwai a 1910. Irin aikin da Talatu ke yi ma, izininsa na gaba ɗaya ga waɗanda ba limamai ba a 1973 ya fito.

Baba_Iliya:
Shi ya sa da farko na ƙi karɓa daga hannun kowa sai Fada. Da ƙafa ta kwantar da ni wata biyar, wani yaro da na koya wa katikisma ne yake kawo mini. Ban ƙi ba.

Talatu_B:
Na gode muku duka, na karanta kowanne. Na koma ranar Talata da yamma, ba akwati. Nas Hannatu, kamar kina wurin. Jikarta ce ke jinyarta, yarinya 'yar shekara goma sha shida, ita kaɗai, uwar tana aikin kwana. Ranar Lahadin nan barci ne ya sace ta a ɗaya ɗakin bayan ta kwana a tsaye. Da ta gan ni da zannuwa sai ta haɗe rai, ta ɗauka ƙararta na kai coci. Sai da na zauna muka yi hira kafin ta bar ni na kama mata muka juya tsohuwar. Akwai ja a ƙugunta amma bai fashe ba. Na gaya wa Fadanmu, ya ce zai je ya yi mata addu'ar shafa mai ta marasa lafiya.

Yanzu wata tambayar ce. Yarinyar ta ce kusan shekara guda ba ta je Mas ba, tana ganin ta yi zunubin da ba za ta iya karɓa ba. Zan iya kawo mata ita ma?

Fada_Luka:
Wanda jinyar mara lafiya ta tsare ba tare da mai canjinsa ba, rashin zuwansa ba zunubi ba ne, ki gaya mata haka. Masu jinya suna iya karɓa tare da mara lafiyan. Tun da Fadanku zai je, ta sami damar yin ikirari a ranar in tana so. Ki faɗa masa ya ƙara miki ɗaya a akwatin.

Ɗan_Bagade:
Madalla. Amma ina nan a kan bakana, ranar Lahadi da akwati a wuya ba a tsayawa. Talata daban, Lahadi daban.

Gambo_S:
Ka ga ma yarinyar, da aka zauna da ita, abin da ya dame ta shi ne Mas. Ban ce komai ba.

Maman_Yohanna:
Ai sai da aka juya kakarta tukuna ta buɗe baki, Gambo. Talatu, wa zai zauna da tsohuwar ran Lahadi ko awa biyu ne, yarinyar ta je da ƙafarta?

Talatu_B:
Mama, shi nake nema yanzu. Na yi wa mutum biyu magana, ɗaya ta ce za ta duba.

Danladi_77:
Fada, na kira wana jiya da dare. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. In sake kira, ko in bari sai Lahadi in zauna ta ɓangarensa?